Girman shafi a cikin Linux: gyaran da ya shafi wayoyin Agege da rumbunan bayanan gwamnati

Daga ranar 1 ga Nuwamba, 2025, kamfanin Google ya wajabta wa masu ɗora manhajoji a Google Play cewa duk sabuwar manhaja, ko sabon zubin tsohuwa, da aka tsara domin Android 15 ko abin da ya biyo bayansa, sai ta iya aiki a wayar da girman shafin ma'adanarta ya kai kilobayit 16. A ido umarni ne na injiniyoyi. Amma tasirinsa zai kai ga 'yan kasuwar Hausawa na Agege da ke hawa mota zuwa Computer Village a Ikeja domin saro wayoyi, da masu sana'ar POS a bakin tasha, da fataken da ke karɓar kuɗin goro da dabbobi ta manhajar banki.

Android a kan Linux aka gina shi, wato zuciyar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan wannan zuciya shi ne rabon ma'adanar wucin gadi, wadda 'yan kasuwa ke kira ram. Ba ta raba ta ƙwaya-ƙwaya. Yanka ta take yi gunduwa-gunduwa daidai wa daida, kowace gunduwa kuwa ana kiranta shafi. Shekaru da dama girman shafin kilobayit 4 ne a yawancin kwamfutoci da wayoyin Android.

Lissafin a fili yake. Wayar da ke da gigabayit 4 na ram tana ɗauke da shafuka 1,048,576, kuma kowanne sai an san inda yake. Kowace manhaja tana da adireshinta na kanta, sai furosesa ya fassara su zuwa ainihin wurin da bayanan suke, ta hanyar duba wani kundi mai hawa-hawa. Ma'aikacin da ya taɓa neman fayil a sashen rajista ya san bambanci tsakanin fayil ɗin da lambarsa ke kan teburin akawu da wanda sai an shiga ɗakin ajiya. Furosesa ma yana da irin wannan gajeren jeri a kusa da shi, mai suna TLB, sai dai gurabensa kaɗan ne. Idan jerin yana da gurbi 1,000, da shafin kilobayit 4 abin da zai iya tunawa bai wuce kimanin megabayit 4 ba. Da shafin kilobayit 16 zai ninka sau huɗu. Da babban shafi na megabayit 2 kuwa, zai kai kusan gigabayit 2.

Wannan ne ya sa masu gina Linux suka daɗe suna neman hanyar amfani da manyan shafuka. Hanya ta farko, hugetlbfs, ta buƙaci mai kula da na'ura ya keɓe shafukan tun da wuri. A 2011, a zubi na 2.6.38, aikin Andrea Arcangeli na kamfanin Red Hat ya shiga, inda Linux da kansa yake haɗe ƙananan shafuka 512 su zama babba guda ba tare da manhaja ta roƙa ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wanda ya sayi huhun goro alhali ƙwarya ɗaya yake buƙata, ya ɗaure kuɗinsa a kan abin da ba zai taɓa ba. Haka manhajar da ke buƙatar kilobayit kaɗan idan aka ba ta megabayit 2: ragowar ya tafi a banza. Ƙari a kan haka, babban shafi yana buƙatar fili a jere, kuma bayan na'ura ta daɗe tana aiki filin ya kan warwatse, sai zuciyar ta tsaya tattara shi, manhaja kuwa tana jira. Saboda irin wannan tsaiko ne masu Redis da Oracle suka shawarci masu kula da rumbunan bayanai su kashe haɗewar ta atomatik.

Mafita ta zo ta hanyar neman tsaka-tsaki. A Janairun 2022, zubi na 5.16 ya karɓi tsarin folio na Matthew Wilcox, wanda ya ba zuciyar damar riƙe ayarin shafuka a matsayin abu guda, komai girmansa. A kan wannan tubali Ryan Roberts na kamfanin Arm ya ɗora nasa aikin, wanda ya shiga zubi na 6.8 a Maris 2024, ya kawo shafuka masu matsakaicin girma irin su kilobayit 64. Apple kuwa ya daɗe yana amfani da shafin kilobayit 16 a iPhone.

Google ya ce a gwajinsa sauyin ya ƙara wa waya sauri da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, amma ya ƙara cin ram da kusan kashi 9. A nan ne batun ya iso Agege. Kasuwar wayoyi a Najeriya tana hannun Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion, kuma masu sauƙin kuɗi daga cikinsu ƙaramar ram gare su. Kashi 9 ba komai ba ne ga wayar gigabayit 12, amma ga ta gigabayit 2 yana iya zama dalilin rufewar manhajar banki da zarar an buɗe WhatsApp. Masu ƙera waya ne za su zaɓi girman shafin kowane samfuri, don haka wayoyin da ke hannun jama'a ba za su sauya da kansu ba. Nauyin ya fi faɗawa kan masu manhajoji, musamman waɗanda suka sa ɓangarorin C ko C++ a ciki, domin sai an sake gina su. Android 16 ya tanadi wani yanayi na sassauci ga tsofaffin manhajoji, amma wannan bai ɗage sharaɗin Google Play ba.

Ma'aikatu da hukumomin tarayya da ke da manhajojin waya suna cikin wannan sahu. Jami'in da ke duba kwangilar manhaja yana da hurumin tambayar ɗan kwangila ko an gwada ta a wayar kilobayit 16, da kuma wanda zai biya kuɗin sake ginin idan yarjejeniyar gyara ta ƙare. Wanda ke sa hannu a takardar sayen sababbin na'urorin rumbun bayanai kuwa, ya dace ya fara jin yadda aka saita manyan shafuka a waɗanda ake da su, domin tsaikon da ake ɗora wa ƙarancin ram wani lokaci daga saiti yake fitowa, gyaransa kuma ba ya buƙatar sabon kasafi.