Sabuwar Ƙoda Da Tsofaffin Da Aka Bari A Ciki

Ran 23 ga Disamba, 1954, ana saura kwana biyu Kirsimati, aka shigar da waɗansu samari biyu ɗakin fiɗa a wani asibiti na birnin Boston, a ƙasar Amurka. Tagwaye ne masu kama ɗaya, Ronald da Richard Herrick, shekarunsu 23. Ƙodojin Richard sun mutu, shi ma yana bakin mutuwa. Likita Joseph Murray da abokan aikinsa suka cire ƙoda ɗaya daga jikin Ronald suka dasa wa ɗan'uwansa. Ƙodar ta kama aiki nan take. Richard ya tashi, ya auri ɗaya daga cikin masu jiyyar da suka lura da shi, suka haifi 'ya'ya biyu, ya kuma ƙara shekara takwas a duniya. Ronald kuwa ya zauna da ƙodarsa guda har shekarar 2010.

Yau wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. An yi dashen ƙoda na farko a Nijeriya a Asibitin St. Nicholas na Legas a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma ya fara nasa a 2002. Wataƙila ma mai karatu ya san wani gida inda ƙane ya ba wansa ƙoda, ko uwa ta ba ɗanta. Saboda irin waɗannan gidaje mu ke so mu yi magana a kan wani abu da ba a cika faɗa ba ranar da a ke murnar sallamo majiyyaci.

Bari mu fara da ita ƙodar kanta. Girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, amma a cikin kowace guda akwai 'yan matatai wajen miliyan ɗaya, kowace matata kuma da ɗan bututunta, siriri fiye da gashin kai. A kwana ɗaya ƙodojin nan biyu su kan tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, watau garwa goma ke nan. Da duk wannan ruwa zai fita, da ba wanda zai kai azahar da rai. Aikin 'yan bututun nan ne su mayar wa jini da ruwan, da gishiri, da sukari, su bar dattin kaɗai ya wuce. Abin da ya kan fita fitsari bai fi cikin kwalba biyu ba. To, daga jikin waɗannan bututu ne kuma yawancin ciwon dajin ƙoda na manya ya kan taso.

Me ya haɗa dashe da ciwon daji? Richard Herrick ya yi sa'a, gama jikinsa bai ɗauki ƙodar tagwaininsa baƙuwa ba. Ga sauran mutane ba haka abin ya ke ba. Jiki yana da dakarunsa a cikin jini, masu faɗa da duk abin da ba nasa ba, ba su kuwa san bambancin kyauta da cuta ba. Dole ne wanda aka yi wa dashe ya riƙa shan maganin da zai kwantar da dakarun nan, kowace rana, muddin ƙodar tana jikinsa. Amma dakarun da aka kwantar su ne dai masu farautar ƙwayoyin jiki da suka lalace tun ba su zama ƙari ba. Mai gadi ya yi gyangyaɗi, ɓarawo ya sami hanya.

A shekarar 2011 aka buga wani babban bincike a Amurka, inda aka duba dashe fiye da 175,000 na ƙoda, da hanta, da zuciya, da huhu, waɗanda aka yi tsakanin 1987 da 2008. Aka tarar ciwon daji ya kan kama waɗannan mutane wajen ninki biyu na sauran jama'a. Ciwon dajin ƙoda kuwa, ga waɗanda aka dasa wa ƙoda, ya kusa ninki bakwai. Kada wannan ya tsorata kowa fiye da kima. Ciwon dajin ƙoda ba mai yawa ba ne tun asali, saboda haka ko an ninka shi bakwai, mafi yawan masu dashe ba za su taɓa gamuwa da shi ba.

Abin da ya ba mu mamaki sa'ad da muka fara jin labarin shi ne inda ƙarin ya kan fito. Mutane da yawa suna tsammani likita ya kan cire ƙodojin da suka mutu ya sa sabuwa a gurbinsu. A'a. Galibi a kan bar tsofaffin a inda su ke, can baya a kwiɓi, a ɗinka sabuwar a gefen mara. Yawancin ciwon dajin nan a cikin tsofaffin ya kan taso, ba a sabuwar ba. Ƙodar da ta daɗe a mace, musamman in mai ita ya yi shekaru yana wankin ƙoda, ta kan motse, 'yan bututunta su kumbura su zama jakunkunan ruwa. A bangon irin waɗannan jakunkuna ƙari ya kan soma, shiru, ba zafi.

Yaya ɗan bututu ya kan rasa siffarsa haka? Ba a iya leƙa cikin ƙodar mai rai a zauna ana kallo, don haka masana suka koma ga faranti. A shekarar 1958 waɗansu masana biyu a Kalifoniya, Madin da Darby, suka ɗebi ƙwayoyi daga ƙodar wata karya, watau macen kare, suka reno su cikin ruwan abinci. Karyar ta daɗe da mutuwa, amma zuriyar ƙwayoyinta suna nan har wa yau a ɗakunan bincike ko'ina cikin duniya. In aka binne su cikin wani abu mai danƙo, irin wanda ke sa romon ƙafar saniya ya daskare, sai su taru su yi ƙwallo mai rami a tsakiya, kamar jakar ruwa. A shekarar 1991 Roberto Montesano na birnin Janeba, tare da abokan aikinsa na can da na Japan, suka zuba musu wani sinadari da aka sani da sa hanta ta sake tofuwa. Ashe abin da su ke jira ke nan. Ƙwallayen suka miƙe, suka yi rassa, suka zama bututu.

Sinadarin nan kamar mabuɗi ne, a jikin kowace ƙwaya kuma akwai kwaɗon da ya ke buɗewa, wanda masana ke kira MET. In mabuɗi ya shiga, ƙwaya ta ji umurni: ki yi girma, ki matsa gaba. A shekarar 1997 aka binciki waɗansu iyalai da su ke gadon wani irin ciwon dajin ƙoda, aka tarar kwaɗon nan ne ya lalace a jikinsu, yana zaune a buɗe ko ba mabuɗi. Watau umurnin da ke gina bututu, in ya ƙi tsayawa, shi ne ke gina ƙari. Yanzu akwai magungunan ciwon dajin ƙoda da ke toshe wannan kwaɗo.

An ci gaba daga nan. A shekarar 2015 Melissa Little da ƙungiyarta a Ostireliya suka reno 'yan ƙananan ƙodoji daga ƙwayoyin ɗan Adam, da matatai da bututu a cikinsu. Girmansu bai wuce ƙwayar wake ba, ba kuma abin dasa wa mutum ba ne tukuna. Amfaninsu shi ne a gwada magani a kansu, a kuma ga yadda cuta ke farawa. Duk wanda ya ce muku yana da ƙodar da aka shuka ta sayarwa, kuɗinku ya ke so.

Mu komo gida. Kuskure mafi muni shi ne mai dashe ya ji wannan labari ya rage shan maganinsa da kansa, ko ya daina don tsada, ko don ya ji ƙarfi. Jiki zai tasam ma sabuwar ƙodar, kyautar da ɗan'uwa ya bayar da wuƙa a jikinsa ta tafi a banza. Likita kaɗai ya san yadda zai rage ko ya sauya magani, akwai kuwa irin da a kan koma gare su in an ga alamar ƙari. Taba kuma, a rabu da ita sam, gama tana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon dajin ƙoda. Jini a fitsari, ko ciwon kwiɓi da ya ƙi tafiya, ko rama ba dalili, ko baƙin tabo da ya fito a ƙafa, duk abin kai wa likita ne a makon nan, ba bayan girbi ba.

Amma sau da yawa ba alama ko ɗaya. Don haka ranar komawa asibiti, ku tambayi likita ko ya kamata a ɗauki hoton ciki a duba tsofaffin ƙodojin, musamman in an daɗe ana wankin ƙoda kafin dashe, ko an taɓa ganin jakunkunan ruwa a cikinsu. In an sami ƙarin tun yana ƙarami, a kan cire tsohuwar ƙodar ɗungum, tun da ba wani aikin kirki ta ke yi ba, a bar sabuwar ta ci gaba da aikinta a mara.