Abin da ya kamata ku sani game da tarihin Kofin Nahiyar Afirka

Ƙasashe uku kacal ne suka buga Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka ta farko, wadda aka yi a birnin Khartoum a watan Fabrairun 1957: Sudan mai masaukin baƙi, da Masar, da Habasha. A lokacin mafi yawan nahiyar na hannun Turawan mulkin mallaka. Sudan ba ta daɗe da cika shekara guda da samun 'yanci ba, Ghana saura 'yan makonni, Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi kuwa sai a 1960. Duk da haka gasar ta riga ta ƙasashen Turai haihuwa, domin tasu sai a 1960 aka fara ta.

Shawarar ta taso ne a taron FIFA da aka yi a Lisbon a 1956, inda wakilan Afirka suka ga ya dace nahiyar ta kafa hukumarta. Cikin jagororin akwai Dakta Abdel Halim Mohamed na Sudan da Abdelaziz Abdallah Salem na Masar, wanda ya zama shugaban wannan hukuma, wato CAF, na farko, kuma sunansa aka sa wa kofin farko. Da ƙasashe huɗu aka kafa hukumar, ta huɗun ita ce Afirka ta Kudu. Sai dai mahukuntan ƙwallonta, bisa dokar wariyar launin fata, sun ƙi haɗa baƙi da farare a tawaga ɗaya. Sauran suka ce ba su yarda ba, aka yi gasar ba da ita ba. Habasha ta wuce wasan ƙarshe ba ta taɓa ƙwallo ba, Masar ta doke Sudan da ci 2-1, sannan ta lallasa Habasha 4-0, ɗan wasa guda, Ad-Diba, shi ya zura duka huɗun.

Wannan hukunci a kan Afirka ta Kudu shi ne, a ganina, abin da ya fi komai nauyi a tarihin gasar. Hukuma ce sabuwa, ba kuɗi, ba ƙarfi, tana neman mambobi ruwa a jallo, amma ta gwammace ta rasa kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yanta da ta lamunci wariya. Da irin wannan zuciya ne ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 1966, saboda FIFA ta ce Afirka da Asiya da yankin Ostareliya su yi rububin gurbi ɗaya tal. Ƙauracewar ta yi amfani: daga 1970 Afirka ta sami gurbinta na kanta.

Shugabannin sababbin ƙasashe sun gane darajar tamaula da wuri, kuma babu wanda ya kai Kwame Nkrumah na Ghana. Ya ɗauki Black Stars tamkar jakadun haɗin kan Afirka, su kuma suka ci kofin a Accra a 1963, suka sake ci a Tunis a 1965, ƙarƙashin koci ɗan ƙasa, C.K. Gyamfi. A 1968 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe takwas, aka riƙa buga ta duk bayan shekara biyu. Sudan ta ɗauka a gida a 1970. A 1974 Ndaye Mulamba na Zayar ya ci ƙwallo tara a gasa ɗaya. Ghana ta ci na uku a 1978, kofin Salem ya zama nata har abada.

Akwai wata doka ta wancan zamani da matasa za su yi mamakinta. Daga tsakiyar shekarun 1960 har zuwa 1982, ƙasa ba ta da ikon sa fiye da 'yan wasa biyu masu buga ƙwallo a ƙetare. Manufar ita ce a raya ƙungiyoyin gida. Da aka soke ta, gasar ta ƙara armashi da taurari, amma kuma ta shiga hannun ƙungiyoyin Turai masu biyan albashin waɗannan taurari, kuma daga nan ne rigimar da ake yi har yau ta samo asali.

Najeriya ta fara ɗaga kofin a ranar 22 ga Maris 1980 a filin wasa na Surulere da ke Legas. Green Eagles, kamar yadda ake kiransu a lokacin, sun ci Aljeriya 3-0, Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofin ga kyaftin Christian Chukwu. Daga nan sai takaici ya biyo baya: Kamaru ta doke ta a wasan ƙarshe na 1984 da na 1988, Aljeriya ta rama a 1990. Sai a 1994 a Tunisiya aka sake yin murna, Emmanuel Amunike ya ci biyu aka doke Zambiya 2-1.

Labarin wannan Zambiya abin tausayi ne. A watan Afrilun 1993 jirgin da ya ɗauko tawagarta ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga Libreville ta Gabon, duk mutanen ciki suka rasu, har da 'yan wasa 18. Cikin shekara guda suka haɗa sabuwar tawaga a bayan Kalusha Bwalya, wanda ba ya cikin jirgin, suka kai wasan ƙarshe. Sai a 2012 Allah ya ba su kofin, a bugun fenariti da Kwaddibuwa, kuma a birnin Libreville ɗin nan. Ban san wani labari a ƙwallon duniya da ya kai wannan taɓa zuciya ba.

Siyasa ta sake shigowa a 1996. Wariya ta faɗi, Afirka ta Kudu ta karɓi baƙunci, ta kuma ci kofin a gaban Nelson Mandela, shekara 39 bayan an hana ta shiga. Amma Najeriya mai riƙe da kofin ba ta je ba. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa a Nuwamban 1995, dangantaka ta yi tsami tsakanin Mandela da gwamnatin Janar Sani Abacha, aka hana Super Eagles tafiya da sunan rashin tsaro. CAF ta haramta mata shiga ta 1998. Gasa biyu ke nan aka yi asara, kuma a daidai lokacin da tawagar ke ganiyarta, domin a 1996 ɗin ne Najeriya ta ci zinare a wasannin Olamfik na Atlanta. Da ta dawo a 2000, ita da Ghana suka haɗa baƙunci, har aka buga wasanni a Kano. Wasan ƙarshe a Legas ya tashi 2-2 da Kamaru, a bugun fenariti ƙwallon Victor Ikpeba ta bugi ƙarfe ta tsallaka layi, alƙali bai ba da ita ba, Kamaru ta tafi da kofin.

Masar ta ci uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, ƙarƙashin Hassan Shehata, da tawagar da galibinta 'yan wasan gida ne, abin da ya kai ta kofi bakwai. Samuel Eto'o na Kamaru ya tara ƙwallo 18 a tarihin gasar. Mena ta Nijar ta fara halarta a 2012, bayan ta fito daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, ta sake zuwa a 2013, shekarar da ƙwallon Sunday Mba ta ba Najeriya kofi na uku, Stephen Keshi ya zama ya ci kofin a matsayin ɗan wasa da kuma koci. Yawancin bunƙasar gasar an yi ta ne a zamanin Issa Hayatou, ɗan gidan sarautar Garwa, wanda ya shugabanci CAF daga 1988 zuwa 2017. A hannunsa ƙasashe suka ƙaru zuwa 12 a 1992, sannan aka buɗe gurbi 16 a 1996. An kai 24 a 2019.

Sauran magana ita ce ta lokaci. Duk watan Janairun da za a yi gasa, masu horar da ƙungiyoyin Turai sai su yi ta ƙorafin an kwashe musu 'yan wasa a tsakiyar kaka, har ma a gidajen kallonmu za ka ji mai goyon wata ƙungiyar Ingila yana taya su. Ni dai ina ganin bai kamata mu taya ba. An zaɓi Janairu ne saboda yanayi: a watan Yuni damina ta kankama a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, arewacin nahiyar kuma yana fama da zafi. CAF ta gwada komawa Yuni da Yuli a Masar a 2019. Gasar Kamaru ta dawo Janairu da Fabrairun 2022, ta Kwaddibuwa ma aka ɗage ta zuwa farkon 2024 saboda ruwan sama, inda masu gida, waɗanda suka sallami kocinsu ana tsakiyar gasa, suka doke Najeriya 2-1 a Abidjan. Ta Maroko kuwa, da aka so yi a tsakiyar 2025, sai da aka matsar da ita zuwa Disamba domin ta kauce wa sabuwar gasar ƙungiyoyi ta FIFA da aka buga a Amurka.