Maganin Kusu Sai Da Gidansa

Damman hatsi sun shiga rumbu, wake yana cikin buhu, mai gida ya samu barci. To, akwai baƙon da ya biyo kayan daga gona ba tare da an gayyace shi ba. Shi ne kusu, wanda mutanen Kano ke ce wa ɓera. Da ciyawar daji ta bushe sai ya nufo gari, domin a nan abinci da inuwa suke.

Ranar Lahadi, a kasuwar Tawa, ba a rasa mai sayar da maganin kusu. Wani a kwali, wani a ƙunshin leda babu ko rubutu. Mutum ya saya, ya dama da garin hatsi ko ya barbaɗa a kan tumatir, ya ajiye a murfin kwano bayan ƙofa, ya kwanta. Ni ma na taɓa yin haka. Da safe ban ga mushen kusu ko ɗaya ba, sai na kazar uwargida da ƴan tsakinta 7. Da na tuna cewa autanmu yana rarrafe a wannan ɗakin, sai jikina ya mutu. Tun ran nan ban ƙara ajiye magani a fili ba.

Mu fara sanin wanda muke faɗa da shi. Tsakanin 2009 da 2011, ma'aikatan kare tsirrai da malaman jami'ar Abdu Mumuni, tare da masu bincike na Faransa, sun ɗana tarkuna a unguwannin Yamai. Sun tarar cewa wanda ya fi yawa a gidajen jama'a shi ne kusunmu na gida, mai nono da yawa. Baƙin ɓera da ƙaramin kusun Turai, waɗanda suka zo cikin kayan fatauci, an fi samun su wajen kasuwanni da manyan ɗakunan ajiya. Wannan namu na gida, cikin macen bai wuce kwana 23 ba, kuma takan haifi ƴaƴa 10 zuwa 12 a haihuwa guda. Ƴaƴan kuwa da sun yi kamar wata 3 su ma sun fara. Ku lissafa da alli ku gani.

Dattawa ba su manta ba. Bayan babban farin 1973 da 1974, da ruwa ya dawo, kusu ya yi ambaliya a ƙasashen Sahel a 1975 da 1976. Na daji suna tone iri daga rami tun bai tsiro ba, manomi ya sake shuka. Haka aka ƙara gani a 1986 da 1987, bayan yunwar El-Buhari. Ban da cin hatsi, kusu yana ɓata fiye da abin da ya ci da kashi da fitsari. Irin wannan mai nono da yawa shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lasa a Najeriya, ciwon da aka gano a 1969 a garin Lasa na ƙasar Barno. Saboda haka kashe shi ba abin gardama ba ne. Maganar ita ce yadda za a kashe shi a bar sauran mutanen gida da rai.

Maganin kusu iri 2 ne, kuma wanda bai bambanta su ba shi ke asarar kuɗinsa.

Na farko mai saurin kisa. Mafi yawansa baƙin gari ne mai warin tafarnuwa, sunansa fosfid na zinki. In ya shiga ciki ya gamu da ruwan tumbi sai ya zama iska mai guba, kusu ya mutu kafin a kwana. Mutane sun fi son sa don suna ganin mushe da safe. Amma kusu yana da wayo. Sabon abinci ɗanɗanawa yake yi kaɗan. In cikinsa ya murɗa bai mutu ba, ya bar wannan abincin ke nan har tsawon watanni. Shi ya sa za ka ga an kashe 5 daren farko, daga nan shiru, alhali ana jin su suna guje-guje a rufin ɗaki. Abu mafi muni, wannan gubar ba ta da makari. In yaro ya ci, lokotoro sai dai ya yi ta tallafa wa jikinsa.

Na biyu mai kisa a hankali. Shi yana hana jini daskarewa ne, kusu ya yi ta zubar jini a ciki, ya mutu bayan kwana 3 zuwa 7. Tun da ba ya jin ciwo nan take, ba ya zargin abincin, sai ya yi ta komowa tare da ƴan'uwansa. Makiyayan Abalak da Cintabaradan za su so jin asalinsa. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta ruɓe. Malaman jami'ar Wiskonsin suka bi diddigi har suka gano abin da ke cikin harawar, daga nan aka haɗa maganin kusu mai suna warfarin, aka fara sayar da shi a 1948. Daga baya aka yi waɗanda suka fi shi ƙarfi. Za ku ga sunaye kamar Racumin ko Klerat a kan kwali. Wannan irin yana da makari, wato bitamin K1, da ake bayarwa a asibiti. A ganina shi ne ya dace da gidan da ke da yara da kaji.

Akwai na uku da ba maganin ɗaki ba ne sam, amma wasu na saka shi a ramin kusu. Ƙwaya ce mai launin toka, ana ce mata Phostoxin, an yi ta don turara buhunan hatsi a rufaffen mangaza. Da ta sha laima sai ta saki iska mai kisa. Iskar ba ta san bango ba, tana bin rami ta fito ɗakin da ake kwana. Ta sha kashe iyali cikin barci a ƙasashe da dama. Kada ta shiga gidan da mutum ke kwana, ko da ƙwaya ɗaya.

Ku da kuka gama makarantar yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi aiki. Tun 1994 kwamitin ƙasashen CILSS ya fara tantance magungunan gona da ake shigowa da su Sahel, kuma wanda aka yarda da shi yana zuwa da takarda da lamba. Ko rubutun Faransanci ne, ku duba ƙasan takardar. Akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. In kun ga ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa 2 a gicciye, kun san abin da ake nufi. Ƙunshin leda mara suna kuwa, mai sayarwa ma bai san abin da ke ciki ba, balle lokotoron da za a kai masa yaro. In kuna shakka, ku kai kwalin wa malamin gona.

Yanzu mu zo kan gidan magani. Dabarar ita ce a saka maganin cikin abin da kusu zai shiga, amma hannun yaro da bakin kaza da na akuya ba za su kai ba. Kusu kuma ya fi sakin jiki ya ci a wuri mai duhu mai ƙofa 2, ta shiga da ta gudu. A birni ana sayar da na roba mai makulli. Wanda bai samu ba zai iya yin nasa.

Wanda na fi yarda da shi shi ne guntun bututun roba irin na masu aikin famfo. Faɗinsa kamar yatsu 3, tsawonsa kamu ɗaya da taƙi. Tsawon nan kada a rage shi, domin shi ne ke hana hannun yaro kaiwa tsakiya. A huda ƙananan ramuka 2 a tsakiyar bututun. Maganin da ke zuwa a dunƙule kamar sabulu yana da rami a cikinsa. A zura masa waya, a ja shi tsakiya, a fito da wayar ta ramukan, a murɗe. Ɗaurin nan yana da muhimmanci. In ba a ɗaure ba, kusu yakan ja dunƙulen ya yar a tsakar gida, ga shi kuwa shuɗi ne ko ja, yaro ya ɗauka alewa ce. Masu yin sa suna zuba masa abu mai ɗaci don yaro ya tofar, amma kada a dogara da wannan.

Tsohuwar tukunya ma tana yi. A fasa ƙofa 2 a bakinta, ɗaya tana kallon ɗaya, kowace yatsu 2 zuwa 3. A kife ta a kan maganin, a shafe gindin da laka, a ɗora dutse mai nauyi. Duwatsu dai ba a rasa su a Adar. Sai dai tukunya tana fashewa, kuma ɗan tsako na kwana 2 yana iya kutsawa, don haka ta fi dacewa da ɗakin ajiya da ake kullewa. Kwali da ƙwarya ba gida ba ne, akuya za ta cinye su da abin da ke ciki.

Wurin ajiyewa shi ne rabin aikin. Kusu ba ya ratsa tsakiyar ɗaki, jikin bango yake bi. Ku duba da fitila inda kashinsa ya taru, da inda bango ya yi baƙin maiƙo. A kwantar da bututun a nan, manne da bango, a danne da dutse ko a kama shi da laka. Kusun gida ba ya nisa da raminsa in akwai abinci kusa, saboda haka gida ɗaya a ƙofar zaure ba zai kashe na bayan madafa ba. Gara ƙananan gidaje da yawa, taki 3 ko 4 tsakaninsu, da babba guda. A ƙarƙashin rufewa, tsakanin duwatsun da ta hau, wuri ne mai kyau. Cikin rumbu kuwa, ko kusa da randa, ko inda ake daka, haram. Magani da abincin mutum ba su kwana wuri ɗaya.

Kafin a saka, a rufe abinci. Kusun da ya samu tuwon dare a buɗe ba ruwansa da maganinka. A kife kwanoni, a share dusa, a ɗaga buhuna a kan itace, a janye su daga bango.

Ku samu littafin rubutu. Ku sa wa kowane gidan magani lamba da gawayi, ku rubuta ranar da kuka zuba. Bayan kwana 2 ko 3 ku duba. Wanda aka ci a ƙara, wanda ba a taɓa ba har mako a sauya masa wuri. A nan ne mutane ke karaya. Kwana 3 ba mushe, sai su ce maganin jabu ne, su koma wa baƙin gari. Ku yi haƙuri. Cikin mako 3 yawanci za ku ga ci ya tsaya. Da ya tsaya, a kwashe sauran, a ƙirga gidajen da littafin don kada a manta da ɗaya, sannan a toshe ramuka da laka da tsakuwa ko siminti. Ramin da biro zai shiga, ƙaramin kusu zai shiga. A sa leda a hannu wajen taɓa magani, a wanke da sabulu bayan an gama, kuma kada a ci goro ana cikin aikin.

Mushe ma guba ne. Kowace safiya a zagaya kafin a saki kaji. A ɗauka da leda, a binne a rami mai zurfin kamu ɗaya ko fiye, nesa da rijiya. Kada a jefa bayan katanga. Mussa da kare da shaho in sun ci, su ma jininsu zai tsinke, kuma maganin zamani mai ƙarfi yakan daɗe watanni a hantar dabba. Mujiya fa, duk da ƙin da muke yi mata, kusu take ci dare duk, ba ta karɓar ko dala. Kashe ta asara ce. Sannan a ja kunnen samari masu farautar gafiya su gasa. Muddin akwai magani a unguwa, babu cin gafiya.

In tsautsayi ya faɗa, yaro ya ci, kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa nono ko mai. A cire abin da ke bakinsa, a ɗauki kwalin maganin, a nufi likita mafi kusa, ko babban asibitin Tawa ga wanda ke cikin gari. Ku kula da wannan sosai: mai kisa a hankali ba ya nuna alama ranar farko. Yaro zai yi ta wasansa. Sai bayan kwana 1 ko 2 a ga haɓo, ko jini a dasashi, ko a fitsari. Kada a jira wannan. Maganin asibiti kuma yakan ɗauki makonni, a shanye shi duka.

Saura maganar maƙwabta. A tsofaffin unguwannin Tawa, da garuruwa irin su Barmu da Afala da Takanamat, katanga ɗaya ce ke raba gida da gida. In ka kashe naka, na maƙwabci za su gaji ramukan cikin ƴan kwanaki. Ku kai maganar gaban mai gari ko mai unguwa, a sa rana ɗaya, a yi shela don kowace uwa ta san akwai magani a gari. Lokaci 2 ne suka fi. Ɗaya kafin a shigar da sabon hatsi, bayan an share rumbu an gyara tsaginsa. Ɗayan cikin bazara, watan 4 zuwa na 5, sa'ad da kusu ya ragu kuma yunwa ta kama shi. Wanda ya makara bana, ya tanadi bututunsa da wayarsa tun yanzu, ya jira bazara.