Wa ya ba shi izinin taɓa tukunyar gas?

A Dantchiao, in tukunyar gas ta fara wari, uwar gida ba ta neman lambar wani kamfani. Yaro take turawa wurin mai gyaran babur, ko mai walda na bakin kasuwa, ko maƙwabcin da ya yi ci-rani a Kano, tunda shi ya ga duniya. Na ga irin wannan gyara a tsakar gidan wata gwaggona. Mutumin ya zo da filaya da guntun tsohon tub na keke, ya yanka ya cusa, ya ɗaure, sannan ya ƙyasta ashana ya kai bakin tukunyar wai a ga ko tana yoyo, jikoki kuwa sun kewaye shi suna kallo. Da na yi magana sai ya ce, "Haba Malam, kullum haka muke yi, Allah ke tsarewa." Gwaggo ta miƙa masa dala ashirin ya sayi goro.

Gas bai daɗe a gidajenmu ba. Kafin matatar SORAZ ta fara aiki arewa da Damagaram a ƙarshen 2011, sai a gidan babban ma'aikaci ake ganinsa. Matatar an gina ta ne don tace ganga 20,000 na man Agadem a rana, kuma gas ɗin girki yana cikin abin da take fitarwa. Farashi ya sauko, ƙaramar tukunya mai kilo 6 da ake ɗaura wa murhu a ka ta shiga gidan malamin makaranta, ta hau teburin mai shayi. Ni dai ina murna da haka. Ƙasar Magarya ta yi suna da gawon da manoma suka raya a gonakinsu tun shekarun 1980, kuma duk tuwon da aka tuƙa da gas wani reshe ne ya tsira. Matan da hayaƙin kara ya addabi idonsu ma sun huta. Sai dai tukunya ta iso, masanin gyaranta bai biyo ta ba.

Mutanen Ingila sai da suka ɗauki gawa kafin su gyara wannan. Da sassafen 16 ga Mayu 1968, wata mata a hawa na 18 na benen Ronan Point da ke gabashin Landan ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi. Kusurwa guda ta ginin mai hawa 22 ta rufto, mutum huɗu suka mutu. Bincike ya gano wani noti ne maras inganci a mahaɗar murhunta, wanda wani sananninta ya haɗa mata don taimako. A 1970 aka kafa rajistar masu aikin gas mai suna CORGI, a 1991 shigarta ta zama dole, a 2009 Gas Safe ta gaje ta. Yau duk wanda ya kafa ko ya gyara murhu ko tukunyar ɗumama ruwa a gidan wani a matsayin sana'a ba tare da rajista ba, kotu ce makomarsa, tara ko kurkuku. Mai rajista yana yawo da kati mai hotonsa, an jera a baya irin aikin da aka yarje masa. Mai gidan haya kuma dole ya sa a duba masa kayan gas kowace shekara.

A nan dokar ta fi sa ido a sama. Ba a buɗe wurin ɗura gas sai da izinin hukuma. Nijar ta kafa ARSE a 2015 don kula da harkar makamashi, Najeriya kuma tana da NMDPRA tun 2021. Amma hannun ƙarshe, wanda ke murɗa kan tukunya a ɗakin girki, ban taɓa jin an tambaye shi takarda a garinmu ba.

Zamanmu a bakin iyaka ya ƙara cakuɗa lamarin. A Nijar musanya ake yi: ka kai wadda ta ƙare, ka karɓi cikakkiya, lafiyar tukunya tana wuyan kamfanin da sunansa ke jikinta. A Najeriya tukunyarka taka ce, ka kai a zuba maka kilon da kuɗinka ya kai. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta can ta ce kada tukunya ta wuce shekara 15, amma wa ke karanta shekarar da aka buga a wuyanta? Tsoffin tukwane suna tsallakowa daga Jigawa, an shafe tsatsa da fenti, wani lokaci bakinsu bai dace da kan da muke da shi ba, sai a ƙera masa mahaɗi. In gas ya yi wuya kuma sai juye ya tashi: a kifa babbar tukunya a kan ƙarama, a haɗa su da tiyo. Ƙa'ida ita ce a tsaya a kashi 80 cikin 100, domin ruwan da ke ciki yana kumbura in ya ji zafi. Mai juye ba shi da ma'auni sai nauyin hannu, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. A Sabon Tasha ta Kaduna, ranar 4 ga Janairu 2020, wani shagon gas ya fashe, cikin mamatan har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne gas ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa a kwari, ya cika ɗaki tun daga daɓe, daidai inda tabarma da yara suke. Warin ma zuba masa aka yi da gangan don a farga.

Ban ce a kwaso dokar Ingila a dire mana ita yadda take ba. In aka ce sai mai takarda daga Damagaram, tafiyar kusan kilomita 100 daga Magarya, kuɗin motarsa ya fi na tukunyar, mutane za su koma wa mai filaya a ɓoye. Canza robar baki ko tiyon da ya tsage, uwar gida ma za ta iya in an nuna mata, ta gwada da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Kwance bawul aikin wanda aka horar ne. Walda a jikin tukunya da juye kuwa, babu takardar da za ta halatta su a cikin gari.

Masu gyaran nan ba mugaye ba ne, koya musu ne ba a yi ba. Ina roƙon hukumomin Dantchiao, Magarya da Dungas su zauna da kamfanonin da ke sayar mana da gas, a horar da ko mutum biyu a kowace babbar kasuwa, a ba su kati, a faɗi sunayensu a rediyo da masallatan Juma'a. Kafin nan, ke uwar gida, duk wanda ya zo gyara ya nemi ashana, ki karɓe tukunyarki ki sallame shi.