Mai awon ƙasa ba ɓarawon zinariya ba ne

Tun da zinariya ta ɓulla a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi a 2021, idan aka ga baƙo a karkarar Magarya ko Dungas yana ɗura ƙasa a 'yar leda yana rubutu a kai, kafin la'asar magana ta kai kasuwa: an ga zinariya, za a kwashe a ɓoye. Alhali yana iya zama ɗalibi ne da malaminsa ya aiko ɗibar ƙasa da ruwan rijiya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa ba mu buƙatar masana, na'urar nan mai kuka idan ta ji ƙarfe ta wadatar. Na'urar ba ta san ko bangon rami zai riƙe ba. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa, mutum aƙalla 18 suka rasu. Ba ta kuma jin gubar dalma, wadda ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, don ana daka dutsen zinariya a tsakar gida.

Ƙasarmu rairayi ya lulluɓe ta, abin da ke sama ba ya faɗin abin da ke ƙasa. Mai sayen gyaɗa ba ya yarda da bakin buhu, sai ya cusa hannu har gindi. Mai gyaran karaya sai ya lalubi ƙashi kafin ya ɗaure. Haka binciken ma'adinai yake: inji ya huda ƙasa ya zaro dutse dogo kamar sandar rake, a jera shi gaɓa-gaɓa cikin akwati, a karanta. Injin da kuɗinsa na kamfani ne. Idon da zai karanta yana jami'a. Lasisi da ajiyar sakamakon na gwamnati ne. Duwatsun murhu ke nan, a janye ɗaya tukunya ta kife.

Kuma ba daga sama za a fara ba. Akwai makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, akwai cibiyar binciken ma'adinai ta CRGM, ga Jami'ar André Salifou a Damagaram tun 2010, ga matatar man fetur ta SORAZ mai tace ganga dubu 20 a rana tun 2011. Abin da nake so in gani a kowace yarjejeniya da kamfani sharaɗi biyu ne: kamfani ya ɗauki ɗalibanmu su koyi aiki a bakin inji, kuma kwafin abin da aka gano ya iso ofishin magajin gari. Shirun da hukuma ke yi shi ke ciyar da jita-jita. Bai fi ƙarfin kowa ba a sanar da hakimi da gidan rediyo kafin masu awo su shigo.

Arzikin da muka tabbatar muna da shi kuwa ruwa ne da kanwa. A kwarin Korama ruwa na kusa, shi ke raya rake da lambuna. Amma mutanen Tibiri sun san abin da ruwan da ba a auna ba yake yi: sinadarin fulorayid na rijiyar burtsatse ya lanƙwasa ƙafafun ɗaruruwan yara. Injin da ke neman ma'adini yana ratsa ruwan nan kafin ya kai dutse, auna shi ƙaramin aiki ne a wurin kamfani. Matan da ke kankarar kanwa a bakin tafki su ma sun cancanci a auna musu kayansu, su san wadda ta dace da miya da wadda ta fi dacewa da dabbobi, kafin dillali ya yanke musu farashi a kasuwar Maigatari.