Kallon Ƙwallo a Fili: Daga Gusau zuwa Ƙofar Mata

Filin wasa na tunawa da Sardauna da ke Gusau shi ne gidan Zamfara United, inda 'yan kallo daga Bungudu da Tsafe kan hallara. Mai son babbar gasar Firimiyar Najeriya kuwa, yakan bi ta Funtuwa zuwa filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, gidan Kano Pillars, zakarun 2008, 2012, 2013 da 2014.

A Ƙofar Mata, da la'asar ake taka leda, amma gogaggen ɗan kallo tun bayan azahar yake yankar tikiti, don kujerun inuwa kan cika da wuri. Ciki ganguna ne da kirarin "Sai Masu Gida", masu gyaɗa da ruwan leda na ratsa jama'a. A filin nan aka buga wasu wasannin Kofin Afirka na 2000.