YADDA AKE GASA GURASA A GIDA

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ake aike sayen burodi ya san irin tsadar da ya yi. Dalili kuwa shi ne yawancin alkamar da ake yinsa da ita daga ƙasashen waje ake sayo ta. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama don a noma ta gida, daga baya aka janye dokar. A 2022 kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, manyan masu sayar wa duniya alkama, sai kuɗin fulawa ya ƙara hawa, har muka ji a jikinmu a nan Tambuwal. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana yadda muke gasa gurasa a gidanmu lokacin hutu, da abin da muke haɗa ta da shi.

Sunan gurasa daga Larabci ya fito, kuma Larabawa fatake ne suka kawo ta Kano. Har gobe matan unguwar Jakara sun yi suna wajen yinta. Su a tanderu suke gasawa, wato wata babbar tukunyar ƙasa da ake hura wuta a ciki, a riƙa manna ƙullun a jikinta. Mu ba mu da tanderu, amma kasko da garwashi sun wadatar.

Ga kayan da ake bukata: garin alkama gwangwanin madara 4, yis cokalin shayi 1, sukari babban cokali 1, gishiri kaɗan, da ruwan ɗumi. Alkamar da manomanmu ke shukawa da rani a fadama, in an wanke ta an kai inji, garinta ya fi fulawa riƙe ciki, ko da yake gurasarsa ba ta yin fari.

Da farko a jiƙa yis da sukari a ruwan ɗumin. A lura, ɗumi na ce, domin malamarmu ta kimiyya ta koya mana cewa yis abu ne mai rai, tafasasshen ruwa kashe shi yake yi. Sa'an nan a zuba gari da gishiri a kwaɓa, a yi ta bugawa da hannu har ƙullun ya yi laushi yana bin yatsu. A rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi. Da bazara awa 1 ta isa, amma da hunturu sai ya kai awa 2.

Me ke sa ƙullu ya kumbura? Yis yana cin sukari yana fitar da iska. Alkama kuwa tana da wani danƙo da ke tsare iskar, ya hana ta fita. Gero da dawa ba su da wannan danƙo, shi ya sa ba a yin gurasa da su zalla. Wanda ke son tattali yana iya sa gwangwani 1 na garin dawa cikin 3 na alkama. In ya wuce haka, gurasar za ta riƙa farfashewa.

Idan ƙullu ya tashi, sai a ɗora kasko a kan garwashi, ba a kan harshen wuta ba, don kada baya ya ƙone ciki yana ɗanye. A jiƙa hannu, a ɗebo ƙullu kamar girman lemo, a faɗaɗa shi kamar faifai ƙarami, a shimfiɗa a kasko, a rufe. Da an ga ƙananan ramuka sun fito a sama, sai a juya. Wadda ta gasu, in an ƙwanƙwasa ta za a ji ba nauyi. A lulluɓe su da tsumma mai tsabta don kada su bushe.

To, gurasa ita kaɗai lami ce, yaji ne ke fito da ita. Ana daka ƙuli-ƙuli ya yi gari, a sa barkono, gishiri, masoro, kimba da citta mai 'ya'ya. Inna takan cire ƙwayar kimba ta daka ɓawon kawai, don ƙwayar tana da ɗaci. Ita kuwa citta ana fasa kwansonta a fitar da 'ya'yan, a ɗan gasa su a kasko har ƙamshi ya tashi. Kada a cika hannu, 'ya'ya kaɗan sun isa, don zafinta ba wasa ba.

Wannan citta ba ta fitowa a ƙasarmu, sai a kurmi inda ruwan sama ke da yawa. A littafin tarihi mun karanta cewa tun da daɗewa ayarin raƙuma ke ƙetara Sahara da ita, har ta kai kasuwannin Turai. A ƙarni na 15 Turawan Fotugal suka biyo ta teku suna saye, har gaɓar da Laberiya take a yau aka riƙa kiranta da sunan wannan ƙwaya. Ashe hanyar da gurasa ta biyo ta zo mana, ita citta ta bi ta tafi arewa. Ga shi yau sun haɗu a akushi ɗaya.

Iri biyu muke ci. Na farko shi ne bandashe: a yayyafa wa gurasa ruwan ɗumi ta yi laushi, a barbaɗa yajin, a zuba man gyaɗa, a yanka tumatir da albasar Aliero. Na biyu na masu son zaƙi ne, kuma shi muka fi yi da azumi. A cire ƙwallon dabino, a jiƙa shi, a kirɓa a turmi, a shafa a kan gurasa tun tana da zafi. Sai a barbaɗa soyayyen riɗi da ɗan garin citta. Zaƙin dabino da zafin citta suna tafiya tare ƙwarai. Idan lokacin mangwaro ne, a yanka nunanne a jera a kai maimakon dabino, amma a ci nan take, don ruwansa yana jiƙa gurasar.

Ina jan kunnen 'yan'uwana na makarantar kwana: dokar makaranta ta hana hura wuta a ɗakin kwana, wannan aikin hutu ne. Gurasa ba ta wuce kwana 2 ko 3 sai ta fara fumfuna, saboda haka ba guzurin zango ba ce. Yajin kuwa, in an zuba shi a busasshiyar kwalba an rufe, yakan daɗe yana gyara mana wake da shinkafa.

Iyayenmu mata kuma ina roƙonku ku riƙa jawo mu kusa da murhu idan mun zo hutu, maza da mata, gama da tsohuwar zuma ake magani. Duk gidan da aka iya gasa gurasa, yara ba za su tafi makarantar allo da yunwa don burodi ya yi tsada ba. Allah ya sa wa abincinmu albarka, amin.